Me Ya Sa Bindiga Take Baƙa? Tarihin Rinin Ƙarfe a Kano, Da Maganar 'Yar Kwalbar Da Kuke Tambaya

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, musamman saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau maganar tsatsa za mu yi. E, tsatsar da kuka sani, wadda take cin kwanon rufi da ƙofar gida. Abin da ya jawo kuwa, tambaya ce da take ta maimaituwa daga mafarauta da masu gadon tsohuwar bindiga a gida. Sun ga bidiyo a YouTube ko TikTok, Bature ya tsoma auduga a wata 'yar kwalba, ya goga wa ƙarfe, kafin ka ce kwabo ƙarfen ya koma baƙi wuluk kamar yau aka fito da shi daga kamfani. Shi ne suke tambaya, wacce kwalbar za su saya? Zan ba da amsa, amma sai mun bi ta tarihi, don wanda bai san mene ne baƙin nan ba, kowacce kwalba aka miƙo masa karɓa zai yi.

Abu na farko da mutane da yawa ba su sani ba: baƙin da ke jikin bindiga ta asali ba fenti ba ne. Tsatsa ce. Ita tsatsa kala biyu ce. Akwai ja, wadda take kumbura, ta ɓare, ta buɗe wa ruwa hanya ya ƙara shiga ciki, har sai ta huda ƙarfen. Akwai kuma baƙa, wadda take manne wa ƙarfe kam, siririya ce ƙwarai, ba ta kai kashi ɗaya cikin 20 na kaurin silin gashi ba, kuma tana riƙe mai. Dukansu haɗuwar ƙarfe ce da iskar oksijin, tsarin haɗuwar ne ya bambanta. To duk tarihin wannan sana'a, daga Turai har nan, neman hanyar da za a sa baƙar ta riga jar kama wuri ne. Turawa suna kiran aikin da sunan launin shuɗi, don idan ya yi kyau baƙin yana da ɗan ƙyallin shuɗi. Ni dai a wannan shirin rinin ƙarfe zan kira shi, kuma Bakano zai fi kowa gane dalili. Je ka karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 yake, ka tsaya ka kalli marini. Idan ya tsamo zane daga ruwan baba, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya juye shuɗi. A mayar, a tsamo, a mayar, har launin ya zauna. Iska ce take yin aikin a can, ita ce kuma take yi a jikin ƙarfe.

Ƙarfe dai ba baƙo ba ne a Kano. Labarin kafuwar garin ma da maƙera ya fara, Abagayawa da suka zo daga Gaya neman tama a gindin Dala, kuma masu tonon tarihi sun sami alamun narka tama a wajen tun kusan ƙarni na 7. Har yau Bahaushe yana raba maƙera gida biyu: maƙeran fari masu azurfa da tagulla da kayan ado, da maƙeran baƙi masu fartanya da gatari da takobi. Kun ji sunan ma, baƙi. Bindiga ce baƙuwa. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce wani Dagaci daga Borno ya zo da bindigogi a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, amma masana da yawa suna ganin wannan ya yi wuri da yawa. Abin da ya fi zama daram shi ne zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, inda littafin ya ce a lokacin aka fara kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nupe. Sai Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, wanda shi ne Sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Zuriyar wannan al'ada ce kuke gani ranar hawan Sallah suna sakin hayaƙi. Abin takaici, yau idan ka ce 'yan bindiga, hankalin yaro daji yake tafiya, ba fada ba.

Ku lura da kalmar Nupe a nan. Tana nuna mana cewa bindigar ta bakin teku take tasowa, ta hau Kwara, sannan ta iso mu. Turawan Denmak suna da sansani a Osu, cikin Accra ta yau, har zuwa 1850, kuma sunansu ne ya bi doguwar bindigar nan mai ƙanƙara da ake ɗurawa ta baki, duk da cewa da yawa daga cikinsu a Birmingham ta Ingila aka ƙera su. A Birmingham akwai unguwa sukutum ta maƙeran bindiga, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa mafi arha da rashin inganci su ake warewa don kasuwar Afirka, a yi musayarsu da bayi da hauren giwa da manja. Wasu tun harbin farko suke fashewa a hannun mai su. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kusan 50,000 a shekara, akasari daga Solingen ta Jamus, maƙeran gari su sa musu ƙota da kube. Bindiga kuwa ya ce kaɗan ya gani, sai dai masu arha sun fara shigowa ta Nupe. Wato har tsakiyar ƙarni na 19, takobi da mashi da baka ne ke da filin daga.

To ita wannan bindigar tana da maƙiyi a cikinta. Albarushi haɗin gawayi ne da farar wuta da wani gishiri, kuma tokar da yake bari bayan harbi tana jan danshi kamar yadda gishiri yake jiƙewa da damina. Ka harba yau, ka jingine ta a bango ba ka wanke ba, a watan Agusta na Kano kwana kaɗan ya isa ta fara ja. Da hunturu kam iska a bushe take, ƙarfe yana hutawa. Damina ce mai ɓarna, da gumin hannu.

Su Turawan ma da farko ba su da wata dabara ta kirki. Sojan Ingila na ƙarni na 18, mai riƙe da bindigar da suke kira Brown Bess, aikinsa kullum ya dirje ta da garin jan bulo har ta yi ƙyalli, kamar yadda iyayenmu mata suke dirje tukunya da toka da yashi. Tana kyau a fareti, amma kowace dirza tana rage kaurin bututun. Daga baya suka koma wata hanya: a shafa wa ƙarfen ruwa mai ci, a bar shi da gangan ya yi tsatsa siririya, a goge, a maimaita, a ƙarshe a shafe da mai ko kakin zuma, ya zama ruwan ƙasa. Sai kuma aka gano wani abu da ni har yau yake burge ni. Idan ka ɗauki wannan ƙarfen da ya yi jar tsatsa siririya ka tafasa shi a ruwan zalla, jar tana juyewa baƙa. A goge da burushin waya mai laushi, a sake shafawa, a ajiye a wuri mai danshi, a sake tafasawa. Aikin kwanaki ne, wani lokaci fiye da mako. Wannan shi ne rini mafi ƙarko, kuma har gobe shi ake yi wa bindigogin farauta masu baki biyu na masu kuɗi, saboda bututun nasu da dalma aka haɗa su, ba sa jure hanyar zamani. Marinin Ƙofar Mata da zai ga wannan aikin, cewa zai yi ai sana'armu ce.

Hanyar zamanin ita ce ta kamfanoni, wadda ta yaɗu a ƙarni na 20. Tanki ne na soda mai ci, irin wadda ake sabulu da ita, haɗe da wasu gishirai, ana tafasa shi a zafin da ya kai maki 135 zuwa 155 a ma'aunin Salshiyos. A tsoma ƙarfe, cikin ƙasa da awa ɗaya ya fito baƙi. Wannan na kira rinin zafi, kuma ba aikin tsakar gida ba ne, digo ɗaya a ido ya gama da idon. Sojoji kuma suka fi karkata ga wata hanyar daban mai amfani da sinadarin fosfet, wadda wani Bature Thomas Coslett ya yi wa rajista a Ingila a 1906, kamfanin Parker na Detroit ya yaɗa ta a Amurka. Ita ce take ba wa bindigar soja launin toka-toka marar ƙyalli, don soja ba ya son abin da zai haska shi.

Mu dawo gida, mu tsaya a Titin Ibrahim Taiwo. Na zaɓi titin nan ne don duk wanda yake son ya ga yadda kayan waje suke shigowa Kano, nan ne wurin. Fagge tun asali zango ce, nan ayarin Azbinawa da fatake suke sauke kaya a wajen ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, tasharsa nan kusa. Sabon Gari ta kafu a 1913. Kantin Kwari yana nan gefe. Sunan titin ma da bindiga ya zo: Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan soja na Jihar Kwara, an kashe shi ranar 13 ga Fabrairu, 1976, a yunƙurin juyin mulkin Dimka, rana ɗaya da Janar Murtala Muhammed, wanda titinsa shi ma ba nisa.

Abubuwa biyu suka faru a wannan zamanin da suka sauya aikin maƙeri. Na farko doka. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Brussels suka amince a hana shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, amma suka bar ƙofa a buɗe ga mai ƙanƙara da albarushin gama-gari. Kun ga wayon? Su suna da Maxim mai aman wuta, mu a bar mu da harba-ka-ruga. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, da Kanar Morland ya tunkari ganuwar Kano, an ga bambancin. Sarkin lokacin, Alu, laƙabinsa ma Mai Sango, sango kuwa ɗan mashi ne da ake ɗura wa bindiga a harbi giwa. Wannan dokar ce ta sa tsohuwar bindigar da Turai ta daɗe da yar wa ta ci gaba da rayuwa a nan har jikokinmu suka gan ta. Na biyu kuma jirgi. Da ya fara sauke ƙarfen Turai mai arha, ga tarkacen dogo da na mota, sai narka tama ya mutu a hankali. Maƙeri ya daina zuwa daji neman tama, ya koma kasuwa neman tsohon ƙarfe, abin da ya kai mu ga irin Kasuwar Ƙofar Ruwa ta yau. Bindigar toka ƙirar gida ta koma ana yin ta da bututun da aka samu, mai kyau da marar kyau.

Shi maƙerin baƙi yaya yake kare ƙarfensa daga tsatsa? Wuta da mai. Ƙarfen da ya fito daga maƙera dama da baƙin ɓawo a jikinsa, kuma wannan ɓawon ɗan'uwan baƙar tsatsar nan ce da na faɗa muku. Idan aka shafa masa mai tun da sauran zafinsa, man yana ƙonewa ya manne. Duk wanda ya san tandar waina ta ƙarfe ya san abin da nake nufi: sabuwa tana tsatsa, amma wadda ta shekara tana shan mai da wuta ta yi baƙi sumul, ruwa ma zamewa yake. A ganina wannan dabarar ta fi kusa da rinin gaskiya fiye da abin da ke cikin kwalba. Sai dai fa a kula, abin da ya dace da fartanya da wuƙa bai dace da bututun bindiga ba. Wuta tana sauya taurin ƙarfe. Wanda ya gasa bututu don ya yi baƙi, yana iya raunana wurin da zai riƙe ƙarfin harbi, kuma fuskarsa ce a kusa da wurin.

To yanzu ga 'yar kwalba, wadda zan kira rinin sanyi tunda ba a kunna wuta. Jigon abin da ke ciki wani sinadari ne siliniyom, wanda masanin Suwidin Berzelius ya gano a 1817, ya raɗa masa suna daga kalmar Girkawa ta wata, watan sama. Ana haɗa shi da gishirin jan ƙarfe da ɗan asid. Idan ka goga, jan ƙarfen yana sauka a fuskar baƙin ƙarfen, siliniyom ya haɗu da shi, su ba da launi baƙi. Ku ji da kyau: wannan ba ƙarfen ne ya juye baƙar tsatsa ba, wani abu ne ya kwanta a kansa. Shi ya sa yake saurin kamawa, shi ya sa kuma yake saurin tashi. Bambancinsa da rinin gaskiya kamar bambancin zanen da ya kwana a karofi ne da wanda aka tsoma a bula. Inda hannu yake yawan taɓawa, 'yan watanni ya koɗe. Yana kuma barin wani wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda dillalan tsofaffin bindigogi a Amurka suke sansanawa su gane an yi wa kaya kwalliyar yaudara. Kare tsatsa kuwa, kusan duk aikin man da ka shafa daga baya ne.

Idan duk da haka kana so, ga yadda nake ganin zaɓin. Sunayen da za ka fi cin karo da su a intanet su ne Perma Blue da Super Blue na kamfanin Birchwood Casey, sai Oxpho-Blue na Brownells, duk daga Amurka. Perma Blue na gama-gari ne, akwai na ruwa akwai mai kauri kamar man shafawa. Mai kaurin ya fi dacewa da ɗan ƙarzane ko kan kusa, don yana tsayawa inda ka sa shi, na ruwan kuma ya fi bazuwa daidai a wuri mai ɗan faɗi. Super Blue an yi shi ne don ƙarfe mai tauri ko wanda aka goge ya yi santsi, irin wanda na farkon ba ya kamawa sosai. Oxpho-Blue masu aikin sun fi yabonsa wajen jure gogayya, ko da yake baƙinsa yakan ɗan yi toka-toka sai an maimaita. Amma kafin suna, ka fara sanin ƙarfenka. Ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokali, ba ya karɓar wannan rini ko kaɗan. Alminiyom ma haka, nasa ruwan daban ne. Bindigar gida kuwa sau da yawa kowane ɓangare daga ƙarfe daban aka yi shi, ga walda, don haka kwalba ɗaya za ta iya ba ka kala uku. A gwada a ɓoyayyen wuri tukuna.

Kuma mafi yawan waɗanda suke cewa kwalbar jabu ce, shiri ne ba su yi ba. Sai an cire tsohuwar tsatsa da samfefa mai laushi, an wanke duk wani maiƙo, har na yatsa, sannan a shafa siriri, a ɗauraye da ruwa, a busar, a maimaita, a ƙarshe a shafe da mai a bar shi ya kwana. Kada a mayar da audugar da ta taɓa ƙarfe cikin kwalba, tana kashe sauran ruwan. A sa safar hannu, a yi a waje inda iska take. Guba ce, kuma launinta shuɗi ne garai mai jan hankalin yaro, don Allah kada a juye ta a robar lemo. Jabun ma akwai shi. Wanda ya saba sayayya tsakanin Fagge da Sabon Gari ya san cewa duk abin da ya yi suna sai an yi masa ɗan'uwa, to kwalbar da ba ta da bayanin abin da ke ciki da gargaɗin guba, bar ta a inda ka gan ta.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Rinin sanyi yana rufe ido. Tsohuwar bindigar da tsatsa ta yi wa ramuka, musamman ta ciki inda tokar albarushi ta shekara tana ci, idan ka baƙanta wajenta sai ta yi kamar lafiyayya. Mai ita ya sami ƙwarin gwiwa, ko mai saye ya ruɗu, a ɗura mata albarushi ranar biki ko ranar farauta. Duk wanda ya taso a garin mafarauta ya san wani mai guntun yatsu. Bututun da ya rame ba shi da magani a kwalba, a rataye shi a zaure ya zama tarihi. Irin wannan ta gado ma, idan tsohuwa ce ta gaske, ruwan ƙasan da shekaru suka ba ta shi ne darajarta, mai kawai take buƙata.

Sai doka, don kada wani ya ce a shirinmu ya ji. Dokar makamai ta 1959 tana nan tana aiki. Ko bindigar da ake ɗurawa ta baki tana buƙatar lasisi daga 'yan sanda, ƙira da gyara ma sai da izini. Ƙera makamai a hukumance aikin DICON ne da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, da waɗanda gwamnati ta ba lasisi. A halin tsaron da Arewa take ciki, mutum ya tsaya a shingen bincike da sassan bindiga a jaka yana cewa rini zai kai, ya san inda zai kwana.

Ita kwalbar dai ba ruwanta da bindiga kaɗai. Tana yi wa kan kusa, da wuƙar fawa ta baƙin ƙarfe a wajen da ba ya taɓa nama, da sifana, da ƙananan sassan keken ɗinki, da duk wani ƙarfe da ya ɗan ƙarje kake son ya daina haske. A nan kam kuɗinka bai faɗi ba, in dai ka bi shi da mai, musamman daga Yuni zuwa Satumba.

Masu aikin ƙira da suke bibiyarmu, ku rubuto mana irin man da kuke amfani da shi a maƙerarku da yadda kuka gada, za mu karanta a shiri na gaba. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.